Motar da Ba Ta Tashi da Safe

Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran mota a gareji ɗaya, can ƙarshen layin masu walda, kuma tun gashinsa na baƙi ake kiransa Mai Kunne. Sunan ya fito ne daga yadda yake aiki. Mota za ta shigo, mai ita ya fara zuba bayani, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bar ta ta faɗa da bakinta." A tayar da injin, ya karkata kai gefe guda, ya lumshe ido, can ya ce bel ne ya saki, ko ya ce fulogi na uku ne ba ya ci. A buɗe, a tarar haka ɗin ne.

Abin da ba wanda ya sani a layin shi ne, shekara biyu ke nan da kunnen ya fara ja da baya. Siraran sauti ne suka fara tafiya. Da farko ya daina jin kukan tsuntsayen da ke kwana a rufin garejin, ya ɗauka sun ƙaura ne. Sai ƙarar wayarsa, sai tsiyayar iska daga tayar da ƙusa ta huda. Manyan ƙararraki suna nan, guduma da injin da ihun direbobi, amma duk kamar daga bayan bango suke zuwa. Ya koyi kallon leɓen mutum idan yana magana. Ya koyi dafa injin da tafin hannu, ya ji ta fata abin da a da yake ji ta kunne, kansa a karkace kamar kullum don kada a gane. Matarsa kaɗai ta lura, saboda rediyon ɗakinsu da yake ƙure wa murya har kwanuka na rawa. Ta yi masa maganar asibiti sau uku. A na ukun ya ce mata, "Ni da ake kawo wa mota daga wani gari don kunnena, ni zan je in zauna a benci a leƙa mini kunne?" Daga nan ta ƙyale shi.

Motar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tsohuwa ce mai tobo, wato na'urar nan da ke tura wa injin ƙarin iska don ya yi ƙarfi. Ta haura shekara ashirin a duniya. Shi ya same ta a hannun wani da ya gaji da ita, ya kwance injinta kaf ya sake ɗaurewa da hannunsa, ya ba Auta makullin bayan aurenta. Shekara shida ba ta taɓa ba su kunya ba.

Mijin Auta malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kowa Malam yake ce masa, har surukin nasa. Mutum ne mai sanyin murya, wanda in ya zo gaida Mai Kunne ba ya haɗa ido da shi. Wata takwas da suka wuce ƙodojinsa suka tsaya. Tun daga lokacin rayuwar gidan ta koma kan kwana uku: Litinin, Laraba, Juma'a. Ƙarfe bakwai na safe ake ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, asibitin kuma tafiyar minti arba'in ce daga unguwarsu da ke bakin gari. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Wanda ya makara, sai a ba na bayansa gurbin.

Ranar wata Talata da hantsi Auta ta shigo garejin da motar. Ta fito ta tsaya a inuwar rumfa, zaren ɗinki manne a hannun rigarta, don daga kan kekenta ta taso.

"Baba, motar nan ta fara yi mini gardama da safe."

Ya kalli bakinta. "Gardama kamar yaya?"

"In na murɗa makulli sai ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ba ta kamawa. Sai na yi sau biyar, sau shida. Jiya har na fara kuka kafin ta tashi. Amma in ta tashi shi ke nan, yini guda ba ta ƙara yi."

"Tayar mu gani."

Ta shiga ta murɗa. Motar ta tashi tun kafin ta saki makullin. Ta kashe, ta sake, ta tashi. Auta ta bugi sitiyari da tafin hannu.

"Wallahi Baba munafuka ce! A gabanka take wannan ladabin."

Ya yi dariya. "Ta san wanda ya haife ta. Bar mini ita zuwa la'asar."

Ya auna batir, yana da ƙarfinsa. Ya ciro fulogai huɗun, ya ga sun ɗan ci, ya sa sababbi. Ya canza matatar mai. Ya ɗaura agogon awo a kan bututun mai, ya ga ƙarfin turowar daidai yake. Da la'asar ya miƙa mata makulli ya ce ta je ta kwanta da kwanciyar hankali.

Laraba da ƙarfe shida da kwata ta kira shi. Wayar na aljihunsa bai ji ba, sai da matarsa ta zungure shi. Sau tara ta murɗa kafin motar ta tashi, in ji Auta. Sun isa saura minti huɗu.

Wannan karon ya shiga motar da gaske. Ya cire tiyon da ke ɗaukar iska daga tobo zuwa injin, ya tarar da baƙin mai ya jiƙa cikinsa, ga kuma tsaga a ƙasan lanƙwasar, tsawon ɗan yatsa. Ransa ya yi sanyi. Ga dalili a fili, abin da ido ke gani. Iska na shiga ta inda bai kamata ba, injin mai sanyi kuwa ba ya yafe wannan. Ya ɗaga tiyon sama yana nuna wa duk wanda ya gifta.

Dogo, mai gyaran wayar mota da ke rumfar gefe, ya leƙo yana goge hannu da tsumma. Shekararsu goma sha biyar suna maƙwabtaka, suna aron sifana, suna tsokanar juna.

"Tsagar nan ta daɗe, Mai Kunne. Dubi bakinta, ya yi baƙi. Da ita motar ke tashi tun bara."

"To sai ka gaya mini abin da ke damunta, tunda kai ka ɗaura injin."

"Ni ban ce ba. Amma ciwon da ke zuwa da sanyin safiya ya tafi da rana ya fi kama da na waya. Ka bar ta ta kwana a nan, in zo da wuri in sa fitilar gwaji."

"Ku masu waya, ko taya ce ta fashe sai ku ce waya ce."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya koma rumfarsa. Mai Kunne ya sa sabon tiyo, ya ɗaure da sababbin maɗaurai, ya wanke maƙogwaron injin da fetur. Amma maganar Dogo ta tsaya masa a wuya, don haka ya ce wa Auta ranar Juma'a da kansa zai zo ya ga tashin.

Ya isa gidan gari bai gama wayewa ba. Raɓa ta lulluɓe gilashin motar. Auta ta fito riƙe da Malam, hannunsa a kafaɗarta, ƙafafunsa a kumbure cikin silifas. Malam ya yi ƙoƙarin rusunawa.

"A'a, a'a, shiga ka kwanta," in ji Mai Kunne.

Suka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a kan matashi, don zama a gaba yana sa shi jiri. Mai Kunne ya buɗe bonet, ya dafa injin, ya ce Auta ta murɗa makulli rabi kawai, kada ta tayar. Kowane makanike ya san abin da ake saurare a nan. In aka murɗa rabi, famfon da ke cikin tanki yana yin ɗan gurnani na daƙiƙa biyu, yana cika bututu da mai kafin injin ya nema. Gurnani ne siriri, daga can bayan motar. Mai Kunne ya karkata kai, ya lumshe ido. Bai ji komai ba. Amma wata nawa rabon da ya ji famfon kowace mota? Ranar Talata da rana agogon awo ya nuna masa famfon na turowa. Ya buɗe ido ya ga Auta ta leƙo ta taga tana kallonsa, fuskarta cike da sa rai.

"Baba, ka ji wani abu?"

"Famfo lafiya lau," ya ce. "Na ji shi. Tayar."

Ta murɗa. Injin ya yi ta juyi a banza. Ta sake. Ta sake. A na bakwai ya kama, ya yi tari biyu ya daidaita. Mai Kunne ya ce sabon tiyon ne bai gama zama ba, zai ƙara duba nozul, masu fesa wa injin mai, ranar Asabar. Suka tafi, ya tsaya a ƙofar gidan yana kallon hayaƙinsu.

Asabar ya cire nozul huɗun ya wanke. Ya canza ɗan ma'aunin da ke gaya wa injin zafin ruwa, ko da shi ne ke yi masa ƙarya da safe. Litinin motar ta tashi a murɗa na uku, Laraba a na biyu. Ya ce wa matarsa an gama. Har ya tsokani Dogo, ya ce masa ya ajiye fitilarsa ya haska ɗakinsa da ita.

Juma'ar da ta biyo baya an kwana ana yayyafi, gari ya tashi da sanyi. Auta ta murɗa makulli har batir ya mutu. Ta kira mahaifinta sau goma sha ɗaya, wayar na kan tebur, shi yana tsakar gida, matarsa na can waje tana wanki. Ta bar Malam a kwance a mota ta ruga bakin titi, ta yi rabin awa kafin ta sami tasi da ya yarda ya shiga layinsu mai taɓo. Sun isa takwas da minti ashirin. An riga an ɗora wata mata a kan injin. Nas ɗin ta duba takardarta ta ce duk ranar a cike take, Asabar ma haka, sai dai Litinin, ya rage shan ruwa, in ya ji wani abu su dawo da gaggawa.

Daga Laraba zuwa Litinin kwana biyar ne. Malam bai kai ba. Lahadi da rana numfashinsa ya fara sarƙewa, ya kasa kwanciya sai a zaune, fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka shige. Maƙwabcinsu ne ya kai su a motar ɗaukar kayansa. Likita ya ce ruwa ya taru masa a huhu, aka ɗora shi a kan inji nan take, aka ba shi gado.

Mai Kunne ya je duba shi ranar Litinin da yamma. Ɗakin gadaje shida ne, warin magani ya cika shi, fanka ɗaya ce ke juyi. Malam na gadon ƙarshe kusa da taga, an jingina shi da matasai uku, robar iska a hancinsa. Auta na zaune a kan kujerar roba, kayan jikinta na tun jiya. Ta gaishe shi ba ta ɗago ba.

"Sannu, Malam. Ya jikin?"

Leɓen Malam ya motsa. Mai Kunne ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," don ya san abin da ake faɗa a irin wurin. Amma leɓen bai tsaya ba. Malam na magana, doguwa, yana hutawa yana ci gaba, robar ta rufe rabin bakinsa. Mai Kunne ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa. Sai ya ga Auta ta ɗago tana kallonsa, wani irin kallo.

"Baba, tambayarka yake yi."

"Na'am? Muryar ce ta yi ƙasa, ga fankar nan."

"Fankar ba ta ƙara, Baba."

Ya matso, ya sunkuya har kunnensa na hagu ya kusa taɓa bakin surukinsa. Ko a haka guntu-guntu yake tsinta. Auta ta tashi ta tsaya a gabansa, ta maimaita masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, har na gadon kusa ya juyo.

"Ya ce ka yi masa afuwa, ba wai zai koya maka aikinka ba ne. Ya ce tunda yake kwanciya a kujerar baya, akwai wata 'yar ƙara da yake ji a ƙarƙashin kansa in na murɗa makulli, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ya ce ya lura, duk murɗawar da ya ji ƙarar, motar na tashi. Duk wadda bai ji ba, ba ta tashi. Ya ƙirga, bai taɓa saɓawa ba. Yana tambaya ko wannan na da wata ma'ana."

Mai Kunne ya ɗago. Ya dafa ƙarfen gadon.

"Tun yaushe yake jin haka?"

Malam ya ɗaga yatsu uku. Mako uku.

"Ranar da na zo da safe fa? Da na ce a murɗa rabi?"

Malam ya kawar da kai wajen taga. Ya faɗi wani abu gajere. Auta ta maimaita, muryarta ta canza.

"Ya ce ranar babu ƙarar. Amma da ya ji ka ce ka ji ta, sai ya ɗauka shi ne ciwo ya taɓa wa kunne. Ya ce wane shi ya musa maka a kan mota."

Wata nas ta shigo da tire, ta duba robar hannun Malam, ta rubuta wani abu ta fita. Mai Kunne ya yi musu sallama. A barandar asibitin ya zauna a kan benci tsakanin mutanen da bai sani ba, hularsa a hannu, ya daɗe bai tashi ba.

Daga nan garejin ya nufa. Dogo na haɗa kayansa zai rufe.

"Gobe da sassafe ina so ka raka ni gidan Auta. Ka zo da fitilarka."

Dogo ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, ya fasa.

"Kuma kai za ka saurara mini," in ji Mai Kunne. "Ni ba na ji. Shekara biyu ke nan."

Dogo ya ci gaba da naɗe wayar da ke hannunsa. "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun bara nake kiranka daga rumfata ba ka juyowa. Da na ɗauka fushi kake da ni. Daga baya na ga har mai kawo mana abinci sai ta zagayo gabanka take magana. Duk layin nan an sani, Mai Kunne. Ba wanda ya iya tararka da ita ne."

Wannan ta fi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Ya juya yana gyara sifanun da ke jere daidai a kan allo.

Washegari suka isa da batir mai caji a bayan babur ɗin Dogo. Motar na nan inda Auta ta bar ta, matashin Malam har yanzu a kujerar baya. Suka ɗaura batir. Dogo ya ɗaga kujerar, ya kwanta ya manna kunne a kan murfin tanki. Mai Kunne ya murɗa makulli rabi.

"Shiru," in ji Dogo, yana girgiza kai don ya gani.

Ya sake. Shiru. Dogo ya sa fitilar gwaji a wayar da ke kai wa famfon wuta, ba ta kama ba. Wato famfon ba shi da laifi, wutar ce ba ta isowa. Suka bi ta baya. Fis lafiya. Dogo ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya laluba har ya kai ga wani ɗan baƙin akwati da bai fi na ashana girma ba. Rile ake ce masa, shi ne ke buɗe wa famfon wuta in an murɗa makulli.

"Murɗa, ka riƙe."

Mai Kunne ya murɗa. Dogo ya ƙwanƙwasa akwatin da gindin sukudireba. Fitilar ta kama. Mai Kunne ya miƙa hannu baya ya dafa murfin tankin, ya ji ɗan kaɗawa a tafinsa, siriri, na daƙiƙa biyu. Ya ƙarasa murɗawa, motar ta tashi kamar ba ta taɓa yin gardama ba.

Dogo ya ciro rilen, ya ɓalle murfinsa da wuƙa, ya ɗaga shi wajen haske. A gindin ƙafa ɗaya, inda aka liƙe da dalma tun daga masana'anta, akwai wata tsaga da ta zagaye ƙafar, ba ta kai kaurin gashi ba.

"Ka gan ta. In dare ya yi sanyi ƙarfen ya tsuke, sai ta buɗe. In aka yi ta murɗawa ya ɗan ɗumama, ko rana ta fito, sai ta haɗe. Shi ya sa ba ta taɓa yi a gareji ba."

Ya narka sabuwar dalma a kai, aikin da bai kai minti biyar ba, ya ce duk da haka a sayi sabo a ajiye wannan a aljihun mota. Mai Kunne ya karɓi ɗan akwatin yana juya shi a hannu. Ya tuna fulogai da matata da tiyo da nozul, mako biyu yana zagaye, ga abin a ƙarƙashin gwiwar 'yarsa. Shekara goma da suka wuce da a murɗawar farko zai ce, "Famfo bai yi magana ba," kafin shayinsa ya huce an gama.

Kwana uku a jere yana zuwa da sassafe shi kaɗai, ya murɗa, hannunsa ɗaya a kan murfin tanki. Kullum bugu ɗaya. A rana ta ukun ya kai motar asibiti, ya sami Auta a baranda tana wanke kofuna a bakin famfo. Ya miƙa mata makullin, ya gaya mata abin da aka samu. Ta saurara har ya gama.

"Baba, me ya sa ka ce ka ji?"

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ita kuwa ta ci gaba.

"Da ka ce mini ba ka ji ba, ni ina da kunne. Shi ma yana da shi. Da ka ce, Auta, saurara mini kaza, wallahi da na saurara. Ni ban kawo maka motar don ana ce maka Mai Kunne ba. Don kai ne babana na kawo."

"Na yi kuskure, Auta."

"Likita ya ce zuciyarsa ta wahala a wannan karon. Ya ce ba lallai ta koma yadda take ba." Ta juya ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke. "Akwai masu duba kunne a bene na biyu. Ranar Alhamis suke gani. Na rubuta sunanka."

Ya je. Ya zauna a benci da lamba a hannu, aka sa masa wani abu a kai aka ce ya ɗaga yatsa duk lokacin da ya ji ƙara. Ya ga likitar na danna maɓalli, na dannawa, shi kuwa yatsansa na kan cinya. Ta ce na dama ya kusa tafiya gaba ɗaya, na hagu da saura, shekarun guduma da injin ne suka cinye su, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Za a gwada masa na'urar sawa a kunne, amma sai an auna an yi odarta, wata guda ko biyu.

Kwana goma sha ɗaya Malam ya yi kafin a sallame shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai Kunne ya ce shi zai tuƙa su gida, Auta ta gaji. Ba ta yi musu ba. Suka kwantar da Malam a baya, ta zauna a gaba da ledar magunguna a cinya. Motar ta tashi bugu ɗaya. Malam ya ɗago hannu daga baya, ya yi alamar ya ji ƙarar famfon, yana ɗan murmushi. Mai Kunne ya gani ta madubi, ya gyaɗa masa kai.

Suka hau babban titi, rana ta take, motoci sun yi yawa. Yana tafiya a hankali a layin tsakiya don kada ya girgiza mara lafiya. Can ya lura motocin gabansa suna darewa gefe ɗaya bayan ɗaya, wani mai babur na ɗaga masa hannu yana masifa. Bai gane ba. Sai Auta ta damƙi hannunsa da ƙarfi.

"Baba! Ka ba su hanya!"

Ya kalli madubi. Motar asibiti ce manne da bayansu, fitilunta na walƙiya, direban na dukan sitiyari. Allah kaɗai ya san tun yaushe take jiniya. Ya karkata da sauri, tayar ta hau bakin kwalta, motar asibitin ta wuce kamar iska.

Ya tsaya a gefen titin, injin na aiki. Ya ja birkin hannu. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagaya ta gaban motar, ya tsaya a ƙofar Auta. Ta dube shi ta gilashi na ɗan lokaci, sannan ta fito, ta miƙa masa ledar magungunan, ta zagaya ta zauna a mazaunin direba. Ta jawo kujerar gaba don ƙafarta ta kai, ta gyara madubi.

"Ka riƙe ledar da kyau, akwai kwalba a ciki," ta ce, ta juyo da fuskarta sosai wajensa don ya ga bakinta.

Ya rungume ledar a ƙirji. Ta sa sigina, ta jira wata babbar mota ta wuce, ta hau titi.